Tukunyar da Ponmani Ta Ƙi Ɗorawa

Shekara goma sha bakwai na yi ina kankare kwakwa a shagon abincin Ponmani, a unguwar Scarborough ta Toronto, kuma a cikinsu babu makon da wani bai leƙo ya tambayi farfesun kul ba. Amsarta ɗaya ce: ba ma yi. Ba ta ɗago kai daga tukunya, ba ta ba da haƙuri, ba ta cewa a dawo gobe. In mutum ya cika naci, sai ta nuna masa ƙofa da ludayi, ta ce akwai shaguna a gaba.

Shagon ɗan tsut ne, a matse tsakanin mai sayar da gwal da wani mutumin Kerala mai soya kifi. Layin namu kowa da garinsu a cikin tukunya. 'Yan Punjab na can da gurasarsu mai naso da man shanu, 'yan Hyderabad da shinkafarsu da suke wa kirari kamar su suka halicce ta, sai Turawa su shigo su ce a ba su abincin Indiya, kai ka ce uwa ɗaya ta haife mu duka. Mu mutanen Jaffna ne, daga Sri Lanka. Da safe puttu muke yi, dambun garin shinkafa da kwakwa, da rana miyar kifi mai tsamiya, da barkonon da sai hanci ya zuba. Wanda ya taso daga masana'anta da ƙanƙara a takalmi, abin da yake nema ke nan, ya ci a tsaye ya koma.

Kul kuwa shi ne abin da ɗan Jaffna ke mafarkinsa. Farfesu ne mai kauri na kaguwa da jatan lande da kifi, da rogo da wake da tsamiya, a ɗaure shi da garin busasshen muruci. Tsofaffin tsibirin Karainagar, inda Ponmani ta fito, sun sha gaya mini cewa can gida in ta ɗora kul, maƙwabta har ƙaryar aron gishiri suke yi don su shiga gidanta. Ga mai hannun a gabansu, ga kaguwa a kantin 'yan China, ga garin muruci a kantin kusa da mu, amma ta ƙi. Abin na ci wa mutane rai, ni ma yana ci mini.

Ba puttu ne ya fito da sunanta ba, abincin kwana takwas ne. A wurinmu in mutum ya mutu, rana ta takwas akan dafa duk abin da yake so yana raye, a jera a ganyen ayaba a gaban hotonsa, a rataya wa hoton furanni, kowa ya fita a rufe ƙofa a bar shi ya ci na ƙarshe. A gida dangi ke wannan girki. A nan dangi na can suna aiki biyu-biyu, 'ya'yan kuma ko shinkafa za su dafa sai sun duba waya. Sai a zo wurin Ponmani, don ta fi iyalin sanin bakin mamacin, ita da ta yi shekaru tana zuba masa.

Da tsoho Kandiah ya rasu, 'ya'yansa suka zo da takarda sun rubuto dafaffen ganye da gurasa marar gishiri. Ponmani ta karanta ta ajiye a ƙarƙashin buhun albasa. Ta ce wannan abin da likita yake so ne, ba abin da ubanku yake so ba. Kowace Alhamis, in ji ta, yakan ce muku ya tafi ɗakin karatu, nan yake zuwa ya ci soyayyen yalo da kunun madara mai sukari, ya goge baki, ya roƙe ni kada in faɗa. Babbar 'yarsa ta kifa kai a kan kanta ta yi ta kuka. Abin da aka jera masa ke nan, har da karan taba a gefe. Amma ko a kwana takwas, in aka ce mamaci mai son kul ne, takan dafa sauran, ta ce wannan ɗaya a nemo a wani wuri.

Sai a shekarata ta uku 'yarta Sumathi ta gaya mini dalili. Ponmani tana da ɗa, Nimalan, ƙanen Sumathi. A 1996, lokacin yaƙi, yana da shekara goma sha tara, ya tashi wata Lahadi da safe ya ce kul yake sha'awa. Uwar ta jiƙa garin muruci, ta ɗora ruwa, shi kuma ya hau keke ya nufi bakin teku sayen kaguwa. Da la'asar aka tsinci keken a gefen wani shingen hanya, kwandon na ɗaure a baya, kaguwoyin ma ba su mutu ba. Masu bindiga ne suka tafi da shi. Su wane, oho. A shekarun nan masu bindiga iri-iri ne, kuma kowane ɓangare ya rantse bai gan shi ba. Shekara uku ta yi tana bin ofisoshi da hotonsa a jaka, mijinta ya mutu ana cikin haka, sannan Sumathi da ke aure a Toronto ta ɗauko ta.

Sai na gane hoton saurayin nan mai manyan kunnuwa da ke bangon madafa, wanda babu fure ko ɗaya a jikinsa. Na gane abin da ya sa ta ƙi sauya lambar wayar shago, ta ƙi komawa babban wuri sau biyu ana yi mata tayi: wannan adireshin ta bai wa masu neman ɓatattu. A lissafinta, ranar da ta ɗora kul ba tare da ya shigo da kaguwarsa ba, ranar ta yarda ya mutu.

Ni kuwa bakina ba ya da linzami, kowa ya sani. Mijina a gabana ya cika, a asibiti a nan garin. Na ga gawarsa, na yi masa kwana takwas, na yi kukana na gama, sai na ɗauka kowa ma haka ya kamata ya yi. Wata rana muna ɗaure abincin wani mamaci, na kasa haƙuri.

"Akka," na ce, don haka muke kiran babbar yaya, "yaron nan ya mutu. Kin ciyar da matattun rabin Scarborough, naki kin bar shi da yunwa."

Na ɗauka ludayin zai sauka a kaina. Sai ta ajiye shi a hankali.

"Kin ga gawarsa, Jeya?"

"A'a."

"To kankare kwakwarki."

Mako uku ba ta yi mini magana ba, sai dai miƙo gishiri, rage wuta. Kuma kada ku ɗauka na daddara. Kusan kowace shekara sai na sake tayar da maganar, ta wannan kusurwa ko waccan, ina ganin taimakonta nake yi. Yau in na tuna, kunya ce ke kama ni.

Shekara biyu da suka wuce abin ya fara. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, muka yi dariya. Ta kira ni Sumathi, muka yi dariya. Wata safiya mai sayar da gwal ya tarar da ita tsaye a tashar bas, cikin sanyin Janairu, ba ta san wace mota ke zuwa shagonta ba. Daga nan dariya ta ƙare. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, irin wanda ba ya komawa baya.

Abin da ya karya ta shi ne ranar da iyalin wani direban babbar mota suka zo neman abincin kwana takwas. Shekara goma sha biyar mutumin yana cin abincinta. Suka faɗi sunansa, suka nuna hotonsa a waya, suka tsaya suna jiran ta gaya musu abin da yake so, kamar yadda ta saba. Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta wuce baya ta zauna a kan buhun shinkafa, ni na ƙarasa da su da ɗan abin da na tuna.

Bayan kwana biyu, da rana tsaka, shago ba kowa, ta tambaye ni me Nimalan yake so banda kul. Na ce ni ina na san shi, Akka.

"Jiya na nema na rasa," ta ce. "Yau ya dawo: ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, da ƙanzon shinkafa. Sumathi ba ta sani ba, tana makarantar kwana lokacin. In ya sake ɓace mini, babu wanda ya sani a duniya." Ta goge hannu a zane. "Lahadi za mu ɗora."

Shekara goma sha huɗu ina jiran wannan magana. Da ta zo, ban ji daɗi ko kaɗan ba.

A gidan Sumathi muka yi, a Markham, kusa da Toronto. Na zo da kaguwa masu rai da safe, ita da kanta ta fasa su. Kai, hannun nan bai manta komai ba. Matar da ba ta san lambar bas ɗinta ba, ga ta tana auna tsamiya da ido, tana tsiyaya garin muruci siriri tana juyawa, tana zagina wai na yanka rogo kamar za a ba akuya. Ƙamshi ya cika gidan har bene. Ta ɗanɗana, sannan ta miƙo mini ludayin. Sau ɗayan da na taɓa shan kul ɗin Ponmani ke nan, kuma tsofaffin Karainagar ba su yi ƙarya ba.

Muka shimfiɗa ganyen ayaba a falo, a gaban hoton Nimalan da muka ɗauko daga shago. Ta ajiye tukunyar, da mangwaro, da ƙanzon da ta kankaro da kanta. Sumathi ta miƙa hannu za ta rataya furannin, uwar ta ce a'a, ita ta haife shi. Ta yi ɗage ta rataya, ta gyara su su zauna daidai, ta shafa fuskar hoton da babban yatsa. Ba ta yi kuka ba. Muka fito mu huɗu, ita da ni da Sumathi da mijinta, aka ja ƙofa.

Jiran bai wuce minti goma ba. Ina tsaye kusa da ita a lungun ƙofa, na ga tana shinshina tafin hannunta, tana duban bango, tana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Ta matso ta raɗa mini, wai gidan wa muka kawo abinci, wa ya mutu? Ana cikin haka Sumathi ta buɗe ƙofar.

Ponmani ta shiga, ta tsaya cak a gaban hoton.

"Wane marar mutunci ne ya rataya wa ɗana furen matattu?"

Ta fizge furannin ta jefar a ƙasa. Ta waiwayo tana huci, tana neman wanda zai amsa. Sumathi ta buɗe baki, ta ce, "Mama, ai ke ce..." sai na damƙe hannunta har farcena ya shiga. Uwar ta durƙusa ta rufe tukunyar, ta ɗora tawul a kai.

"Ya tafi sayen kaguwa ne," ta ce. "Kada kowa ya taɓa, kar ya huce."

Daga baya, muna wanke-wanke, Sumathi ta tambaye ni ko wannan ya shiga lissafi, ko ƙanenta ya ci. Na ce ƙofa ta rufu, kuma uwarsa ce ta rufe da hankalinta, ya ci. Na faɗa ne don hankalinta ya kwanta. Ni ban sani ba.

Ponmani ba ta sake taka shagon ba. Yana hannuna yanzu, ni da wata mata daga Mannar, can ƙasarmu, lambar wayar ma ita ce dai. Har yau ana leƙowa a tambayi kul, in ce ba ma yi. Kwana takwas kuwa na daina karɓa, don ni ban taɓa lura da abin da mutane ke so ba, kwakwa kawai na iya.

Ranar Litinin muke rufewa, sai in hau bas in je Markham. Nakan tarar da ita a kujera bakin taga, tana kallon titi, hoton a cinyarta. Ta manta sunana tuni, amma tana ganin na fito daga waje sai ta kama hannuna.

"Baiwar Allah, ba ki ga wani yaro a keke ba? Mai manyan kunnuwa."

Ni da na yi shekara goma sha huɗu ina ce mata ya mutu.

"Na gan shi, Akka. Yana tafe. Kaguwar ce ta yi wuya yau."

Sai ta gyaɗa kai, ta sake ni, ta koma kallon titi. "In kin sake ganin shi, ki ce ya yi sauri," ta ce. "Ruwa ya tafasa."