Bagaruwar da Na Tuɓe wa Riga

Bana shekara goma sha takwas ke nan da muka kai Inna makwancinta a ƙauyenmu na bakin fadamar Gummi. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma mai jego ko jaririn da bakinsa ya yi miki, wurinta ake nufa. Maganinta daga bagaruwa ɗaya yake fitowa, wadda marigayi Baba ya kare daga awaki a iyakar gonarmu shekarar da ya auro ta.

A ƙarshen shekarun casa'in ina jami'a ina karatun tsirrai, kaina ya kumbura da sunayen Latin. An koya mana bagaruwa da dakwara da farar ƙaya duk 'yan gida ɗaya ne, sunan gidan Acacia. Aikin bincikena na kammala karatu shi ne gwada ko sassaƙen bagaruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, sai na zo hutu da buhu da gizago. Na sha ganin Inna ta yi bisimilla ta sassaƙi gabas da yamma kawai, na ɗauka camfi ne. Ni kuwa ɗan boko na zagaye gindin na ɓare ɓawon tas, buhu ya cika.

Da ta je ta gani, ta daɗe a tsaye. "Kai Sani, wa yag gwada maka ana tuɓe ma icce riga duka? Gabas da yamma aka sassaƙa, a bar mai kudu da arewa shi sha ruwa. Bokon bai hwaɗa maka ba?"

Wallahi ya faɗa, tun a aji ɗaya. Ni ne ban taɓa tsammanin abin da ke littafi yana hannun Inna ba. Kafin damina ta zagayo bishiyar ta bushe. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta koma tafiya daji mai nisa neman sassaƙe, da ciwon gwiwarta. Wannan shirun har yau yana ci na.

Gwajina ya yi kyau, ya tabbatar da abin da ta sani tun ban zo duniya ba. Daga baya masana suka raba gidan, bagaruwa ta samu sabon suna, dakwara ma haka. Da tana nan, na san dariya za ta yi, ta ce suna ta raɗin suna bishiyar ba ta ma sani ba. Ramukan zinariya da buhunan gawayi da ke cinye itatuwan hanyar Anka da Bukkuyum kuwa, ba na jin za su ba ta dariya.

Shekarar da ta rasu na shuka irin bagaruwa kusa da kututturen. Bara wata maƙwabciya ta kawo jikanta, bakinsa duk miki, ta ce ai gidan Inna ne. Na ɗauki gizago, na nufi sabuwar bagaruwar, na yi bisimilla na sassaƙi gabas da yamma. Kudu da arewa na bar wa Inna.