Motar da Na Hana Kamawa da Wuta

Har yau ban manta da ranar da aka turo motar marigayi Alhaji Garba cikin garejinmu na Agege a Legas ba. A shekarar 2001 ne, sojoji sun koma bariki, kasuwa ta ɗan motsa, kowa yana kakkaɓe abin da ya ajiye. Ni ne babban bakanike a wurin, Mudashiru kuma shi ke riƙe da walda.

Tsohuwar motar Amurka ce, doguwa, mai giya otomatik. Kafin rasuwarsa, Alhaji ya cire bututun hayaƙi na asali ya sa wasu masu kauri da muke kira heda, don injin ya ƙara ƙarfi da ruri. Matarsa, Hajiya Ramatu, ta biyo motar a tasi.

"Malam Sani, na samu mai saye," in ji ta. "Amma ba zan ba ɗan mutane abin da zai hallaka shi ba. Tun Alhaji na da rai take ƙauri in an yi nisa. Ka duba mini, don Allah."

Ga wanda bai san aikin ba, man giyar otomatik yana ɗaukar zafi, shi ya sa akwai siraran bututu biyu da ke kai shi lagireto, tankin ruwan sanyaya injin, ya huce ya dawo. Heda sun cinye hanyarsu, wanda ya ɗaura hedan kuma ya lanƙwasa siraran bututun ya bar su suna gogar ƙarfen da ke yin jajir in an yi gudu. Ɗaya har ya fara tsattsafo. Man giya kuwa in ya zuba a kan heda, wuta ce.

Mudashiru ya leƙa ya ce, "Oga Sani, mu sa tiyo ta sama, yau ɗin nan mu gama."

Na ce tiyo zai gasu kafin a fita daga cunkoson Oshodi. Na gwada bi ta gefen injin, sitata mai tayar da injin ta tare hanya. Na gwada ta wajen shasi, wato ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai, taya ta goge bututun da aka murɗa sitiyari. A ƙarshe na lanƙwasa sababbin bututun ƙarfe, na bi da su ta cikin shasi, na ɗaure da kilif, na sa guntun tiyo a bakin lagireto saboda girgiza. Inda suka kusanci heda, Mudashiru ya yanka fallen alminiyam ya shiga tsakani. Na yi kwanaki kwance a ƙarƙashinta har bayana ya sage. Da na kai ta Ikeja na dawo da tsakar rana, ko warin mai babu.

Mai sayen, wani matashi ne mai suna Femi. Na ɗaga bonet ina nuna masa aikin, yana gyaɗa kai, idonsa na wani wuri. Tambayarsa ɗaya ce: "Tana ruri?" Ya taka totur, ya yi murmushi, ya tafi.

Bayan 'yan makonni sai ga shi a danfo, bas ɗin haya. "Oga, taso, motarka tana ba mu matsala."

Na bi shi. Ya kai ni wani fili a bayan Ojo, na tarar da jama'a da kyamara. Ashe fim yake shiryawa. A labarin, shugaban 'yan fashi zai gudu a motar, ta kama da wuta yana cikin tafiya.

"Wanda ya haɗa ni da Hajiya ya rantse mini motar nan tana hayaƙi da kanta," in ji Femi. "Tun safe muke zagaya fili da ita, ko tiriri babu. Me ka yi mata?"

"Gyara ta na yi."

"To mayar da ita yadda take."

Na dubi ɗan wasan da ke riƙe da sitiyari, ya yi tsuru-tsuru cikin gemun roba. Na ce in dai da mutum a ciki, ba da hannuna ba. Femi ya yi faɗa da Turanci, ya koma Yarbanci, ɗan wasan kuwa ya buɗe ƙofa ya fito ya tsaya a bayana. Dole suka ɗauki hoton gudun daban. Sannan suka ajiye motar, suka watsa mata fetur, suka ƙyasta ashana. Ina tsaye ta ƙone ƙurmus. Da ta huce na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, bututuna suna nan a inda na ɗaure su.

Na kasa gaya wa Hajiya. Ita ce ta aiko kirana bayan kaset ɗin ya fito, ta riga ta kalla a gidan maƙwabta.

"Wani ya ƙone?" ta tambaye ni.

"A'a, Hajiya."

"To alhamdulillahi. Alhaji ya rasu yana neman wanda zai tsaya ya kalli motar nan. Ga shi duk Legas ta gani."

Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, abin da na koya ke nan. Ba kowa ke kawo mota don ta yi lafiya ba, saboda haka kafin ka kwanta a ƙarƙashinta ka tambayi mai ita abin da zai yi da ita. In kuma amsarsa ta saɓa da lafiyar wanda zai zauna a ciki, ka bi ta wanda zai zauna.