Rawar Dogo

Kakata Hajiya Yalwa ba ta ba da tatsuniya kyauta. A gidanmu na unguwar Habbena, da an idar da magariba sai ta jawo kaskon wuta, ta dire mana auduga da magurji, ni da yayata Balki. Muna gurza tana zuba labari, muka tsaya ta tsaya.

Ran nan Balki ta gaji, ta ce, "Kaka, wallahi duniya ta ci gaba. Akwai injin cire angurya, mu muna nan muna murzar dutse."

"Inji ko? To ga ta nan, daga Amurka ta taso."

A wurin Kaka, Amurka tana gaba da garin Kusiri kaɗan, in ka haye gada.

Ta ce an kama wani baƙin mutum, Dogo, aka sayar da shi ga Bature mai gonar auduga. Ya wuni yana cire angurya da yatsu, kwando bai cika ba. Kullum addu'arsa Allah ya kawo sauƙi. Kwatsam ubangidan ya shigo da inji, ana juyawa auduga na fitowa fes. Dogo ya cashe! Nan Kaka ta miƙe, ta dafe ƙugu, ta taka rawar Dogo har ɗankwalinta ya faɗi, mu kuwa sai birgima muke.

"Ya shimfiɗa tabarma zai yi barcin shekara," in ji ta. "Ashe kafin hantsi inji ya lashe audugar gona, yana neman ƙari. Bature ya sa aka sare daji, ya sayo wasu bayin. Dogo, tashi! Tun asuba yana tsinka har duhu, ga bulala. Inji kam da yamma a lulluɓe shi, har mai ake shafa masa. Kalas, ta ƙare, ku ci gaba da gurza."

Sai da na girma na karanta cewa abin ya faru. Ashe kawunmu malamin makaranta ne ya ba ta labarin, ita ta ƙara gishiri. Na ga yadda aka raba uwa da ɗa don a ciyar da injin nan, raina ya ɓaci ƙwarai. Tun daga nan, in aka ce ga abin sauƙi, sai in tambaya: sauƙin wa?

Bara maigidana ya shigo da injin taliya yana washe baki. "Maman Sadiya, hutu ya zo! Har maƙwabta za su riƙa saye."

Na dube shi, na dubi injin.

"Madalla, Alhaji. Zauna in nuna maka inda ake juyawa."