Kujerar Manase

Lesieli Fifita malamar firamare ce a garinmu Neiafu. Tun muna yara ba ta iya ba da labari a zaune, sai ta miƙe ta kwaikwayi kowa, har karen gidan. Da ta haura talatin ta ajiye alli, ta ce za ta kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba irin na Kirsimeti da ake yi a coci ba, sabbi, a kan mutanen tsibirinmu. Ni ƙawarta ta ba ni matsayin tsohuwa mai baki a wasan, wai ba sai na koya ba.

Wanta Manase, kafinta, shi ya raine ta bayan rasuwar iyayensu. Shi ya gyara mana tsohuwar rumfar shanya banila, tsiron ƙamshin da muke nomawa, ya kafa dandamali, ya ƙera bencina, da kujera guda mai majingina. Lesieli ta ajiye ta a gaba ta ce tasa ce. Burinta a duniya ya zauna a kai ya ga abin da ta iya.

Sai dai a nan Tonga wa da ƙanwa ba sa haɗuwa inda ake zancen soyayya ko raha mai kauri. Wasanta na farko kuwa labarin wata mata ce da mijinta ya tafi ci-rani ya share shekaru, har ta fara sauraron wani mai kwale-kwale. Rumfa ta cika maƙil, ana dariya ana share hawaye. Mutane suka raba kwana, 'yan'uwa mata Juma'a, maza Asabar. Kujerar Manase kaɗai ba kowa.

Na ce mata, "Ke ki zauna gida rana ɗaya mana, ya zo ya gani."

Ta ce, "Ba zamana ne matsalar ba, Meleane. Kowace kalma ni na rubuta ta, kuma Yaya ya sani."

Daga nan ta ɗauko almakashi. A wasa na gaba ta cire masoya. A na bayansa ta bi tsohuwata ta kwashe duk habaicinta.

Na ce, "Lesieli, kin zare min haƙora, da me zan yi cizo?"

"Ki yi haƙuri, wannan karon kawai."

Ba wannan karon kawai ba ne. Sitani, gwanin cikinmu, ya ajiye rigar wasansa ya ce, "Malama, in wa'azi ne ai Lahadi na tafe." Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo ma haka. Ni na tsaya, amma ban yafe mata ba. Na ga mace mai baiwa tana tsige kanta kamar kaza, kuma har yau abin yana ci min rai.

A ƙarshe ta samu wasan da ba abin kunya ko ƙwaya a ciki, wasu mata biyu na saƙar tabarma suna yafe wa juna. Ta aika wa Manase. Ya zo da tabarmar ado ɗaure a ƙugu, yadda muke yi in za mu coci, ya zauna a kujerarsa. Bencina uku ma ba su cika ba. Aka yi aka gama, ko tari babu wanda ya yi.

Ya tashi ya danna katakon dandamalin da ƙafa ya ce, "Bai motsa ba." Sannan ya dube ta cikin ladabi. "Lesieli, da can har shagona nake jiyo dariya, in ce wa yarana, ƙanwata ce ta sa su. Ashe wannan ne? To, sannu da ƙoƙari."

Ta ce, "Na gode da zuwa, Yaya."

Ba ta sake rubuta komai ba. Ta koma aji, rumfar ta koma shanya banila. Manase ya rasu bara, yana ganin iyakar abin da ƙanwarsa ta iya ke nan.