Abin Wuyan Kyanwar Baba

Ƙafafun Baba ne suka fara tona asirin. Wata safiya a tsakiyar damina na kai masa kunu ɗakinsa, na tarar ya naɗe wando zuwa gwiwa yana susa da bayan cokali. Daga idon sawu zuwa ƙwauri duk jajayen ƙuraje ne, wasu har sun fashe. Na tambaye shi me ya cije shi, ya ce sauro. Sauro, a ɗakin da ni da kaina nake sauke masa gidan sauro kullum? Ban ja da shi ba, na dai juya na dubi kyanwar da ke kwance a kan zanen rufarsa. Ita ma susar take yi da ƙafar baya kamar mai kaɗa gurmi.

Mahaifina tsohon akawun kotu ne a garinmu, can kudancin Borno. Lokacin da zama ya gagara a can, shi da Mama suka taho wurina a unguwar Moduganari cikin Maiduguri, daga su sai kayan jikinsu. Ba a daɗe ba Mama ta rasu. Baba ya shige ɗaki ya yi zamansa, ko coci sai na yi da gaske yake zuwa. Ana cikin haka kyanwar ta shigo, wata ramammiya mai ruwan toka, ba wanda ya kawo ta. Mutumin da a gida ko kare bai yarda ya taka masa tabarma ba, sai ga shi yana ɓare mata busasshen kifi yana cire ƙaya. Ni 'yarsa in na shiga, daga "sannu Baba" sai "yawwa", amma ita har labarin shari'un da ya rubuta ake ba ta. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba. Amma na gode wa Allah da na sake jin muryarsa a gidan.

Matsalar ita ce Baba yana da ciwon suga, kuma duk wanda ya yi jinyar mai suga ya san ƙaramin ƙurji a ƙafa ba abin wasa ba ne. Da maigidana ya dawo daga aiki ya ga ƙafafun, bai ce wa surukinsa komai ba. Ni ya ja zuwa kicin.

"Malama," haka yake kirana saboda aikin koyarwa, "kyanwar nan ƙuma ce fal a jikinta, har kaska na gani a kunnenta. Cikin tumakin maƙwabta take shiga ta kwaso. In ƙafar Baba ta ruɓe, me za mu gaya wa 'yan'uwanki? Bari in sa ta a buhu in kai ta daji can bayan unguwar Maisandari in sake ta."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma maganar ta ƙona mini rai.

Na ce, "Ƙuma ce za ta bar gidan nan. Kyanwa ba inda za ta."

"In ƙumar ta ƙi fa?"

"In ƙafar ba ta warke ba, ni da kaina zan riƙe maka bakin buhun."

Faɗa kawai na yi. A zuciyata na san ba hannuna da zai taɓa buhun nan.

Ranar zumuntar mata a coci na kawo maganar bayan an tashi. Shawara kuwa kamar da bakin ƙwarya. Wata ta ce in shafa wa kyanwar kananzir, wata ta ce toka da ganyen darbejiya, wata ta ce fiya-fiya, maganin sauron nan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce kada in kuskura, ita ta taɓa ɗiga wa tata, kafin rana ta yi tsaka ta mimmiƙe. Can sai wata abokiyar aikina ta ce ta taɓa ganin wani abin wuya mai magani a jiki, ana ɗaura wa dabba, yana kashe ƙuma da kaska har tsawon watanni. Inda ake sayarwa ne ba ta sani ba.

Washegari da aka tashi daga makaranta na hau keke napep na nufi kasuwar Gamboru, wajen masu maganin dabbobi. Na shiga shago ya fi a ƙirga. Maganin kaskar shanu kam ga shi nan jarka-jarka, amma da na ce kyanwa sai a dube ni a yi murmushi, kamar na ce ina neman takalmin kaza. A ƙarshe na faɗa wurin wani dattijo Babarbare mai fara'a.

"Wushe, wushe, Malama, zauna," ya gaishe ni da Barbarci, yana share mini benci. "Na kyanwa? Akwai shi."

Ya ciro wani kwali da hoton ƙaton kare a jiki. Abin wuyan da ke ciki kauri gare shi kamar bel ɗin ɗan sanda, ga ƙugiyar ƙarfe. Ba ƙarya, ya burge ni. Mu dai in za mu sayi abu ƙarko muke dubawa.

Na ce wa dattijon, "Baba, wannan ai na kare ne."

"Ki yanke ya zo daidai wuyan shi. Kare da kyanwa ba duk ƙafa huɗu ba?"

Na sa tabarau na juya bayan kwalin. A can ƙasa ga ƙaramin hoton kyanwa an ja masa jan layi. Na nuna masa. Ya ce Turawa ne da tsoro, amma da ya ga na miƙe na gyara jakata, shi da kansa ya yi mini kwatancen wani shagon likitan dabbobi a cikin gari. Na sake tare keke, rana tana dukana, ƙafata tana zogi, ina faɗa a raina ko a ƙarshen duniya yake sai na samo shi.

Likitar matashiya ce, ta yafa lafaya a kan farar rigar aiki. Kafin ta ciro komai sai da ta yi mini tambayoyi: kyanwar ta girma ko jaririya ce, tana da ciki, tana shayarwa, akwai ciwo a wuyanta? Da na ba ta labarin na karen, ta dafe ƙirji.

"Anti, Allah ya taimake ki. Maganin da ke jikin wancan, kyanwa ba ta iya ɗauka. Rawar jiki za ta kama ta, ƙila ma ba ta tashi ba."

Ta miƙo mini na kyanwa, siriri, mai ruwan toka, da ɗan maɓallin roba. Na ja shi don in gwada ƙarfinsa, sai ji na yi ɓas, ya ɓalle a hannuna.

"Wannan ai lalatacce ne. Ba ni wani."

Ta yi dariya. "Haka aka yi shi. Kyanwa hawan katanga take yi, tana kutsawa ta ƙarƙashin waya. In abin wuya ya maƙale bai ɓalle ba, rataye ta zai yi. Gara ki rasa shi da ki rasa ta."

Ta nuna mini yadda zan ɗaura, in bar wurin da yatsu biyu za su shiga, in yanke rarar, in wanke hannu da sabulu. Ta kuma gargaɗe ni cewa abin wuya shi kaɗai ba zai yi ba, don ƙwan ƙumar yana nan cikin shimfiɗa da tsagar ƙasa.

Ranar Asabar na tayar da ɗakin Baba gaba ɗaya. Katifa da tabarma na shanya a rana, zannuwa na tsoma a tafasasshen ruwa, na share kowane lungu na ƙona sharar. Baba ya riƙe kyanwar a cinya, ni kuma na bi kunnuwanta da hantsaki ina cire kaska. Ta yakushe ni a wuyan hannu, shi ko ƙwarzane. Da na ɗauko abin wuyan ya ce in ba shi ya gani. Ya juya shi, ya ja, ya ɓalle.

"An cuce ki," ya ce.

Na yi masa bayanin likita daga farko har ƙarshe. Ya ce to. Na san irin wannan "to" ɗin, don ni ma shi nake yi wa maigidana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai an san Baba za a gane. Tabaraunsa da waya yake ɗaure, murfin rediyonsa da waya, maɗaurin takalminsa ma da waya. Yana da wani tsohon gwangwanin madara cike da guntayen wayar tagulla da 'yar filaya. A wurinsa duk abin da ke ɓallewa, ba a gama yin sa ba ne.

Abin wuyan ya yi aiki. Susar kyanwar ta ragu, sabbin ƙuraje suka daina fitowa, tsofaffin kuma ina wankewa ina sa magani har suka fara bushewa. Maigidana ya daina leƙen ƙafafun Baba ta wutsiyar ido. Ina cikin jin daɗi, wata rana kyanwa ta dawo wuya fayau. Da yamma matar maƙwabcinmu mai tumaki ta yi sallama da shi a hannu.

"Maman yara, wannan ba na kyanwarku ba ne? A kan waya mai ƙaya ta katangarmu na gan shi yana lilo."

Nan take na tuna maganar likita. Na yi mata godiya na mayar wa kyanwa abinta. Baba kuwa ce masa na yi a waje aka tsinto, don ba na son in tayar masa da hankali.

Karo na biyu da ya faɗi ba a gan shi ba sam. Makaranta ta riƙe ni da jarrabawa, sai da aka ɗan kwana biyu kafin na samu na koma shagon. A tsakanin nan na lura Baba ya fara sa safa, a wannan zafin na Maiduguri. Da na matsa ya cire, ga sabbin cizo a idon sawu. Na sayo wani na ɗaura mata, na sake wanke ɗaki, na ce ko sau nawa zai faɗi zan sake saye, mu zuba mu gani ni da ƙuma.

Wata safiyar Asabar ina tsintar shinkafa a tsakar gida, kyanwar ta zo tana goga mini jiki. Na kai hannu wuyanta, sai na ji abu mai tauri. Na ɗaga gashin. An naɗe maɓallin da wayar tagulla, naɗi mai kyau, an lanƙwashe bakin ciki don kada ya soke ta. Na ja da ƙarfina, ko motsi bai yi ba.

Ban san lokacin da na ture faranti ba. Na ɗauke ta na faɗa ɗakinsa ko sallama babu.

"Baba! Wa ya ce ka yi wannan? Kashe ta kake so ka yi? Garin neman gira za ka rasa ido!"

Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ajiye rediyonsa a hankali, ya dube ni.

"Na ji maganar buhu," ya ce. "Kicin ɗinku ba nisa. In abin nan ya faɗi ƙuma za ta dawo, in ta dawo mijinki zai kai ta daji, kuma bai yi laifi ba. Gidana ban iya riƙe shi ba. Uwarki ma ban iya ba. Wannan dai na ce bari in ɗaure."

Fushin ya zube mini nan take, tausayinsa ya kama ni. Amma wayar tana nan a wuyanta, kuma na rantse a raina ba za ta sake hawa katanga da ita ba. Na ce ya taso. Na riƙe masa hannu muka zagaya bayan ɗaki, inda katangarmu ta haɗu da ta maƙwabta. Na nuna masa waya mai ƙaya da ke samanta, da ɗan wurin da kyanwar take kutsawa, gashinta ma yana nan maƙale a jikin ƙayar.

"A nan aka tsinci na farko, Baba, yana rataye. Da da wayarka a jiki, ba shi kaɗai za a tarar ba." Na juyo na dube shi. "Maganar buhu kuma ka bar mini. Muddin ina gidan nan, ba mai sa ta a buhu."

Ya dubi wurin. Sannan ya ce, "Ɗauko mini filaya."

Na ɗauko. Na so in yi masa, ya ƙi. Ya zauna a kan turmi, ya ɗora kyanwar a cinya, ya warware wayar zagaye bayan zagaye har ta fita. Ya ja maɓallin, ya ɓalle. Ya mayar, ya zura yatsu biyu ya gwada kamar yadda ya ga ina yi, sannan ya buɗe hannuwansa.

Kyanwa ta dira, ta yi miƙa, ta haye katanga ta kutsa ta ƙarƙashin wayar, ta ɓace cikin gidan maƙwabta. Baba bai tashi daga kan turmin ba. Idonsa yana kan katangar, filaya a hannu.

"In ya faɗi, ya faɗi," ya ce. "Ita dai ta dawo."