Ranar da Wuƙa Ta Ci Babana a Fim

Ƙanin mijina ya tashi wata safiya ya zama darakta. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma inda ya koya. Shago gare shi a Nasarawa, nan Birnin Kebbi, inda yake tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a waya, kuma tsabar zama gaban kwamfuta yana kallon 'yan daban Indiya suna karairaya juna, sai ya ga ai shi ma ba abin da zai gagare shi. Ya sayi baƙin tabarau, ya juya hula baya, ya fara magana da wata murya ta can cikin maƙoshi. Mutumin da in ya ga ƙadangare a banɗaki sai ya ƙwala mini kira in zo in kore masa.

Labarin fim ɗin, kamar yadda ya zauna a tsakar gidana ya ba ni shi yana cin tuwona, na ƙungiyoyin 'yan daba ne guda biyu, 'yan birni da 'yan bakin gulbi, suna rigima kan wa zai riƙe mashigin jirgin ruwa. Uban dabar bakin gulbi yana da wani na hannun dama da ya yarda da shi, shi 'yan birni za su hure wa kunne ya ci amanarsa. Na ce, "To, sai me?" Ya ce sai a yi ta faɗa. Na ce ai wannan ko kajina sun iya.

'Yan wasansa kuwa, Allah ya kyauta. 'Yan kabu-kabu ne masu haya da babur, da wani mai wankin hula, da wani mai sayar da rake da aka ɗauka don kawai yana da gashin baki. Ya je gwanjo ya kwaso musu baƙaƙen rigunan sanyi masu kama da fata, a tsakiyar bazara, a Kebbi! Maƙwabciyata 'yar Filato, tela ce, ita ta rage musu hannuwan rigunan, tana ɗinki tana dariya har da hawaye.

Duk wannan bai dame ni ba. Kowa da irin haukarsa. Inda raina ya fara ɓaci shi ne ranar da ya ce babana yake so ya fito a uban daba.

Babana yana Argungu. Manomin shinkafa ne a fadama, amma ba da noma aka san shi ba. Ɗan tauri ne, irin mutanen nan da suka sha magani tun suna yara don kada ƙarfe ya ci jikinsu. Kada wani ya tare ni da musun wai magani ne ko dabara ce, ni abin da idona ya gani nake faɗa. Na ga an buga masa kiɗa ya tsuma, ya tuɓe riga, ya karɓi wuƙar da mahauci ya gama wasawa ya yi ta gurza ta a cikinsa har ta dakushe, ko ɗigon jini babu. Bai gina bene ba, bai riƙe sarauta ba. Abin da ya tara a duniya ɗaya ne: daga Argungu har Zauro ba mahaluƙin da zai ce ya taɓa ganin ƙarfe ya fitar masa da jini.

Darakta ya ɗauki goro ya nufi Argungu, na yafa mayafi na bi shi don ban yarda da shi ba. A zaure ya durƙusa har ƙasa, ya cire tabarau, ya shiga zuba zaƙin baki. Wai yaran yanzu ba su san tauri ba, wai makaɗa sun tsufa, wai in Baba ya fito a fim har Kano da Yamai za a ga abin da ake kira namiji. Na ga fuskar Baba tana sakewa. Gaskiya ne an daɗe ba a kira shi wasa ba, kuma na san abin yana cinsa.

"To, mi za ni yi cikin abin ga?" Baba ya tambaya.

"Kai ne babba, Baba. Kowa tsoronka yake ji. A ƙarshe yaronka zai shammace ka ya soke ka da wuƙa, ka faɗi."

Baba ya aje goron da ke hannunsa.

"Mi kac ce? In hwaɗi? Da wuƙa?"

"Wasa ne ai, Baba."

"Ni ma wasa nika yi tun ba a haihe ka ba, kuma ƙarhe bai taɓa ci na ba. Shi soka. Shi yi ta suka har hannunai shi gaji. Amma wuƙa ba ta shiga."

Nan take Darakta ya tafa hannu ya ce wallahi wannan ma ya fi. A soki uban daba, wuƙa ta lanƙwashe, ya dube shi yana dariya, maci amana ya ruga. Saurin yardar nan tasa ita ta tsaya mini a rai, don na san shi da taurin kai kan abin da bai kai wannan ba. Da muka fito na ja shi gefe.

"Kai, ɗan nema. Ubana ne fa."

"Haba matar Yaya, ni ma ai ubana ne."

Na koma na ce wa Baba ya bar wannan shirme. Ya ce in bar shi, yaron ya yi magana gaban mutane, kuma surukuta ba abin wasa ba ce.

Na je wajen ɗaukar fim ɗin wata rana na kai musu abinci a bakin gulbi. Jama'a, na ga abin takaici. Ƙatti sun jiƙe sharkaf da gumi cikin rigunan gwanjo, suna ɗaga adduna na katako da aka shafa wa fenti. Darakta na ihun "Akshin!" da "Kat!" har muryarsa ta dushe. Mai rake, wanda shi ne shugaban 'yan birni, aka ce ya yi tsalle cikin jirgi, ya zame ya faɗa ruwan da bai kai gwiwa ba yana kiran sunan uwarsa. Masunta suka bar gyaran komarsu suka zauna kallo kyauta.

Baba kaɗai ne abin gani a wurin. Shi ba wasa ya iya ba, tsayawa kawai yake yi ya kalli mutum, sai ka ga ɗan kabu-kabu ya manta abin da aka ce ya faɗa. Da aka zo wajen suka, ya ƙi wuƙar katako, ya sa aka kawo ta gaske. Mai wankin hula, shi ne maci amanar, ya kai masa suka a ciki. Wuƙa ta goce. Ya sake, ta lanƙwashe. Baba ya ƙyalƙyale da dariya ya dafe ciki. Masunta suka ɗauki sowa, ni ma na rangaɗa guɗa ban sani ba.

Bayan nan sai Darakta ya fara wasu 'yan roƙe-roƙe. Baba ya ɗan durƙusa a bakin ruwa kamar zai wanke fuska. Baba ya kishingiɗa a kan rairayi ya lumshe ido, wai hutun bayan nasara. Baba ya ba da aron rigar da ya yi wasan da ita, wai za a kai wanki. Duk abin da aka roƙa ya yi, yana ma jin daɗi. A satin ne kuma wata ƙatuwar kabewa da na aje don miyar taushe ta yi ɓatan dabo daga madafata, na yi ta zagin akuyar maƙwabta a banza.

Ranar nuna fim aka kama wani gidan kallon ƙwallo a Argungu, bayan la'asar, aka toshe tagogi da buhuna. Mu mata aka ba mu benci a baya. Baba ya sha babbar riga, aka aje masa kujera a gaba, ya gayyato tsofaffin makaɗansa da abokan noma, har da mutanen da ba su taɓa shiga irin wannan wuri ba.

Fim ɗin kansa ba sai na ɓata bakina ba. Mutum ya kai naushi a nan, ƙarar ta fito bayan wanda aka nausa ya gama faɗuwa. Babur guda ne ke bin kansa, a ga ɗan birni a kai, a juya a ga ɗan bakin gulbi a kai, da tsohon buhun albasa ɗaure a baya. Amma duk inda fuskar Baba ta fito sai ɗaki ya ɗauki tafi, makaɗansa na yi masa kirari daga inda suke zaune. Ina hango ƙeyarsa, ya miƙe wuya.

Sai aka zo wajen. Mai wankin hula ya ɗaga wuƙa. Aka nuno rigar Baba daf da ido, ba fuska, wuƙa ta nutse a ciki har ƙota. Wani jan abu mai kauri ya kwararo. Aka nuno Baba ya dafe ciki, bakinsa a buɗe, an cire dariyar an sa nishi. Aka nuno shi ya durƙusa a bakin ruwa. Aka nuno shi kwance a rairayi ido rufe, ana busa wata sarewa mai ban tausayi. Daga baya na ji yadda aka yi: kabewata aka cusa cikin rigar, aka haɗa zobo da tumatirin gwangwani.

Wani tsoho daga cikin makaɗan ya ce, "Inna lillahi."

Baba ya miƙe, kujera ta faɗi.

"Ƙarya ta! Ba ni na ba!"

Ya yaye babbar riga ya juyo da cikinsa ga jama'a yana bugunsa da tafin hannu. Samarin da ke tsakiya suka ɗauka cikin shirin ne, suka fashe da dariya suna tafi suna ɗaga wayoyi. Tsofaffin kuma ba cikinsa suke kallo ba, allon suke kallo, inda yake kwance har lokacin.

A waje na cafke Darakta da wuyan riga, ban damu da wa ke gani ba.

"Munafuki! Abin da ka yi alkawari ke nan?"

"Matar Yaya, ki fahimta, fim ne. In wuƙa ba ta shiga ba, ina cin amanar? Ai labarin ya mutu."

Kun ji fa. Labarinsa kada ya mutu. Wallahi da ba a riƙe ni ba da sai na fasa tabarau ɗin nan a fuskarsa. Mijina ya sa shi gaba har zauren Baba, ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya rantse zai cire wurin. Ya cire me? Tun kafin a nuna fim ɗin ya riga ya yanko daidai wurin sukar ya tura wa abokansa don talla, aikin da ya fi ƙwarewa a kai ke nan. Fim ɗin ba wanda ya sake nemansa. Guntun nan kuwa ya shiga kowace waya, ba farko ba ƙarshe, tsoho kawai da wuƙa a ciki.

Da dariya aka yi masa da ya fi sauƙi, don Baba ya san yadda ake yi da mai dariya. Amma gaisuwa aka shiga yi masa. Ya fita masallaci a ce, "Baba, ya jiki?" Ya je fadama a karɓe masa fartanya a ce ya huta. Ya yi bayani har ya gaji, a gyaɗa kai a ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya daina zuwa kasuwa, ya rage cin abinci. Na kwashi kayana na koma Argungu na ɗan zauna da shi.

Ina can wata rana da hantsi aka yi sallama. Wani tsoho ne daga Augie, ɗan tauri shi ma, wanda suka yi zamani suna karawa da Baba a fage, kowa na cewa ya fi ɗan'uwansa, ba wanda ya taɓa sarawa wani. Ya rame, idonsa ya yi hazo. A bayan motar albasa ya zo. Na kai musu fura zaure, na tsaya daga bakin ƙofa.

Ya kwance wani ƙulli ya tura gaban Baba, garin magani ne na miki.

"An nuna mini a waya," ya ce. "Ban yi barci ba. Na ce ko da rarrahe sai na zo. Kada ka sa ma ranka komi, tsuhwa ta. Ni ma nawa taurin ya hwara sanyi, ban dai hwaɗa ma kowa ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Na ga ya ɗan sami ƙarfi, don in akwai mai gane gaskiya a duniya to wannan ne, wanda ya san jikinsa a fage. Ya matsa kusa da shi, ya ɗage riga har ƙirji.

"Duba," ya ce. "Kai dai duba da kanka."

Tsohon ya sunkuya. Ido bai isa ba, sai ya sa yatsu yana shafa cikin Baba a hankali, daga haƙarƙari zuwa cibiya, ya koma ta ɗaya gefen, ya sake dawowa. Sannan ya ɗago, fuskarsa cike da murna ta tsakani da Allah.

"Ikon Allah! Wane likita ya yi maka aikin ga? Ya warke sarai, ko tabo babu."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya saki rigar ta sauka, ya gyara ta a kan gwiwoyinsa. Ya jawo ƙullin maganin ya aje kusa da shi.

"Da sauƙi," ya ce. "Alhamdu lillahi, da sauƙi."