Lemun da Baba Ya Dasa a Kwari

A gidanmu na Unguwar Dosa akwai wata bishiyar lemu da Baba ya kawo daga Mando a bayan motar da yake tuƙawa, ina ajin farko na sakandare, a farkon shekarun saba'in. Lemu mai aure ne: sama reshen lemun zaƙi, ƙasa gindin wani lemu mai tsami, an haɗa su a wata 'yar gaɓa mai kumburi kamar gwiwar jariri. Baba ya ce mai dashen ya gaya masa gindin nan an zaɓe shi ne don yana jure laima, saman ne ba ya so, don haka a dasa shi kan tudu, a bar gaɓar a waje.

Amma Baba Bakatsine ne, a jigawa ya tashi, inda ruwa ke sauka ya nutse kafin ka juya. Ya haƙa rami mai zurfi, ya binne gaɓar, ya bar kwari kewaye da gindin yadda ake yi a garinsu.

"Malam, nan fa ba gida ba ne," in ji Inna, mahaifiyata. "Ƙasar nan laka ce."

"Kin taɓa jin bishiya ta ƙi ruwa? Ke dai wasa wuƙarki, in lemun ya yi 'ya'ya ɗan fari naki ne."

A damina ta biyu Baba ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ruwan Agusta ya kwanta a kwarin nan ya ƙi tafiya. Nakan tsuguna in leƙa, in ga gajimare a ciki, da fuskata, da wurin da Baba kan tsaya a bayana, babu kowa. Ganye ya yi ɗorawa, ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga jikin itacen, ƙasar tana wani wari na ruɓa. Kafin kaka saman ya bushe.

Inna ta hana a sare. Ta cike kwarin, ta yanka wa ruwa hanya. Da bazara wani tsiro ya ɓullo daga cikin ƙasa, kore shar, duk ƙaya.

"Inna, wannan daga gindi ya fito. Ba na zaƙin ba ne."

"Babanki ya ce ɗan fari nawa ne."

Ta yi ta renonsa shekaru. Ranar da ya yi ɗa, mai kaushin ɓawo, ta shimfiɗa tabarma a gindinsa, ta ɗauko wuƙa ta fere a hankali. Daga inda nake na ji tsamin a haƙorana. Ba ta miƙo mini ba, ta shanye shi duka, idonta na ruwa.

"Inna, yaya?"

"Ya nuna," ta ce, ta tattara ɓawon ta ƙulle a bakin zaninta.